Rabin Askin Sarki

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai yawan marina, wanda in ya yanke magana ko waziri ba ya iya cewa a sake dubawa. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar yake kama kan sarkin nan ya juya shi yadda ya ga dama, shi ne Ɓaidu, tsohon wanzaminsa, mai yi masa aski kowace safiyar Juma'a. Ɓaidu kuwa akwai surutu, kuma ya daɗe da gane cewa mutum ba ya yawan gardama in aska tana yawo a kansa.

Ana nan sai wani marini mai suna Jatau ya yi faɗa da abokin aikinsa a bakin karofi, ya kwaɗa masa sanda a ka, mutumin ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Ya bar tsohuwar uwa da 'ya'ya huɗu. Tsohuwar ta zo fada ta ce ita jini ba zai cika mata tukunya ba, a ba ta Jatau ya ci da marayun. Sarki ya ce a'a, sai hauni ya sare shi a kasuwa bayan an sauko daga masallacin Juma'a, don na baya su ji tsoro.

Labarin ya tsaya wa Ɓaidu a rai har ya kasa karya kumallo. Da safiyar Juma'ar ya rataya zabirarsa ya nufi fada. Sarki ya cire rawani, Ɓaidu ya jiƙa masa kai, ya wasa aska, ya fara daga dama.

Ya ce, "Ya sarki, na ji yau hauni zai yi askin da ya fi nawa sauri."

Sarki ya ce, "Haka ne. Wanda ya kashe rai sau ɗaya, hannunsa ya san hanya."

"Ko da ya tuba, ranka ya daɗe?"

"Tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Ni dai muddin ina raye, mai jini a hannu ba zai ƙara kusantar wuyan kowa ba."

A lokacin aski ya kai rabi daidai, dama fes, hagu cunkus. Ɓaidu ya ɗauke aska, ya goge ta a tafin hannu, ya mayar da ita zabira, ya ja da baya ya durƙusa. Fuskarsa kamar ta wanda ya zo gaisuwa.

Sarki ya ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Umarni nake bi, Allah ya ba ka nasara. Shekara arba'in da biyar ke nan, ina saurayi mai zafin kai, na bugi wani a kan iyakar gona ya mutu. Mahaifinka bai sare ni ba. Ya miƙa ni ga uban mamacin, wani wanzami da ƙarfinsa ya ƙare, ya ce in yi masa noma in riƙe gidansa har ƙarshen ransa. Shekara uku tsohon nan bai dubi fuskata ba. Wallahi takobi ya fi wannan sauƙi. A ta huɗu hannunsa ya fara rawa, sai ya kira ni ya danƙa mini wannan aska, ya zauna, ya miƙo mini wuyansa. Kan da na fara askewa a duniya ke nan, ina yi ina kuka. Da hannun nan na aurar da jikokinsa, da shi kuma na yi maka askin suna."

Sarki ya kai hannu maƙogwaronsa ya shafa, kamar mai duba ko yana nan. Ya daka tsawa ya ce, "Ka san maganar nan za ta iya haɗa ka da Jatau a kasuwa?"

"Na sani. Sai dai sarki zai je masallaci da rabin kai."

"Rawani zai rufe!"

"Zai rufe yau. Gobe sai a nemo wani wanzami, wanda ba ka san abin da hannunsa ya taɓa yi ba. Ni ko ba komai ka gwada ni Juma'a dubu biyu, ko ƙwarzane ban taɓa yi maka ba. Ya sarki, in na yi maka mummunan aski, kwana nawa zai gyaru?"

Sarki ya ce, "Mako biyu."

"In hauni ya yi fa?"

Sarki ya shafa gefen da aka aske, ya shafa wanda ba a aske ba, kunya ta kama shi, can sai dariya ta ƙwace masa. Ya kira dogari ya ce a gaya wa hauni ya mayar da takobinsa kube, a kai Jatau gidan tsohuwa, duk abin da karofinsa ya samar na marayu ne har su girma. Sannan ya ce, "To, ƙarasa."

Ɓaidu ya ce, "Bari dogari ya dawo tukuna, ranka ya daɗe. Hannuna ba ya tsayawa daidai in ban ji labari ba."

Haka sarki ya zauna da rabin kai, yana jiran wanzaminsa, har dogari ya dawo ya ce an kwance Jatau. Da aska ta zo wajen wuya, sarki ya ɗaga haɓa da kansa ya rufe ido. Ya ce, "Daga yau a sani, mai hukunci ya zaɓi yankan da ke warkewa. Gashi yana tsirowa, kai ba ya tsirowa."