Fentin da Ya Ɓad da Gida

Akwai wani manomi mai ɗa guda ɗaya, sunan yaron Irmiya. Wata rana yaron ya dubi gidansu, bango duk ya koɗe, ruwan sama ya zazzane shi, ya ce wa ubansa, "Baba, ni kunya nake ji in nuna wa abokaina wannan kango." Ya ɗauki jakarsa ya shiga duniya.

Maganar nan ta zauna wa tsohon a zuciya. Kowace yamma yakan shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida, yana duban hanya, har shekaru suka shuɗe.

Ana nan sai wani direba ya ce masa, "Na ga ɗanka a birni. Duniya ta yi masa zafi, yana zancen dawowa bayan kaka."

Murna ta hana tsohon cin abinci. Amma da ya waiga ya ga bangon nan, sai ya ce a ransa, "In ya tarar da gidan haka, ai juyawa zai yi." Ya kira mai fenti. Mai fenti ya zaga gidan, ya faɗi kuɗin fenti, da na siminti don toshe tsaga, da na aikinsa. Tsohon ya riƙe baki. Ya sayar da awakinsa, bai isa ba. Ya haɗa da rabin hatsin rumbu, da saura dai. Sai ya ba mai fenti abin da ya samu don ya fara aiki, ya sa wa ƙofa kwaɗo, ya tafi ƙwadago a wata fadama mai nisa don ya cike. Tsofai-tsofai da shi, kaito!

Da ya dawo, ga gida fes, shuɗi da fari, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Wata mai ƙosai da ba ta daɗe da zuwa unguwar ba ta gaishe shi, ta ce, "Baba, sannu da dawowa. Kwanan baya wani mutum ya zo, duk ya rame. Ya daɗe tsaye yana kallon gidan. Ya tambaye ni tsohon da ke zama a ƙofa, na ce ni dai tun zuwana ban ga kowa ba. Sai ya ce, 'Ashe Baba ya rasu, har an sayar da gidan.' Ya yi ta kuka, ya koma tasha."

Tsohon ya zube a gindin bangon, ya dafe kai. "Wayyo Irmiya! Ai dominka na yi!" Ya bi tasha-tasha yana tambaya, ba wanda ya san motar da ya shiga.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ta da wuya, ɗaci gare ta. Gidan shi ne gidajenmu da ikilisiyarmu. Ɗan kuwa shi ne duk wanda ya bauɗe, yanzu yake so ya komo ga Ubangiji. Fenti ba zunubi ba ne, tsohon ma ƙauna ce ta sa shi. Amma wanda duniya ta wahalar ba ya neman bango mai kyau, fuskar da ta san shi yake nema. Mukan ce sai mun gyara wannan, sai mun gama wancan, sa'an nan mu karɓe shi. Shi kuwa ba ya sanar da ranar zuwansa, kuma kunya ba za ta bar shi ya ƙwanƙwasa sau biyu ba.

Yau in naka ya zo, wa zai tarar a ƙofa?