Na'urar da Aka Mayar Kan Lafiyayyar Waya

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani ma'aikacin lantarki, gwanin haɗa manyan wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Abokan aiki na ce masa Ba-Kuskure, shi kuwa sai hura hanci yake.

Irin waɗannan wayoyi, in robar da ta lulluɓe su ta samu rauni, ba sa fashewa nan take. Ɗan tartsatsi ne ke cin robar daga ciki, wata da watanni, ido ba ya gani. Shi ya sa ake ɗaura musu na'ura mai jin tartsatsin, tana nunawa a kwamfutar ofis.

Wata safiya kwamfuta ta nuna ja. Ya duba lambar wurin. Mahaɗar da ya yi da hannunsa ce, ranar da yake gaggawa bai goge ƙura ba. In ya faɗa, sunan nan ya tafi.

Kun san abin da ya yi? Ya sauka ramin da mahaɗar take, ya kwance na'urar, ya ɗaura ta a kan lafiyayyar wayar da ke gefe. Kwamfuta ta koma kore. Ya wanke hannu, ya shige sahun gaba a sallar Azahar. Wace irin ƙazantar zuciya ce wannan?

Bayan wata uku ruwa ya taru a ramin, ana so a kwashe shi. Abokin aikinsa, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya leƙo ofis ya ce, "Oga, ƙasa lafiya? In sauka?"

Ya ce, "Ga shi nan kore. Sauka abinka."

Mahaɗar ta fashe mutumin na tsugune a gabanta. Hannun damansa sai da likita ya yanke.

Masu bincike suka tarar da na'urar a wayar da ba tata ba, ɗaure da ƙullin nan da ya sha yi wa abokan aiki fankama cewa ba mai iya shi sai shi. Aka kore shi. Ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Ya je asibiti yana sunkuyar da kai. Abokin nasa bai zage shi ba. Cewa ya yi, "Da ka gaya mini, ai da mun gyara tare. Aikin rabin yini ne."

Rabin yini, jama'a. Kuskure ba ya kunyata bawa, ɓoye shi ne ke halaka shi, ya haɗa da wanda ya amince masa. Wa ya sauka rami yau saboda ka ce masa lafiya?

Allah ka kiyaye mu daga girman kan da ke cin amana. Amin.