Kunkurun Masaƙin Kente

— Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo.
— Ta zo mu ji ta, Baba.

Can ƙasar Ewe akwai wani tsohon masaƙi, Agbeko. Kente yake saƙawa, tsiri-tsiri, faɗin yatsa huɗu, a haɗa a ɗinke ya zama zane. Shekara arba'in yana ce wa matarsa Mawusi, "Naki gobe." Ran nan Mawusi ta rasu, goben ba ta zo ba.

Dangi suka ce jibi za a binne ta. Agbeko ya ce, "Ba za ta kwanta babu zanena ba."

Ya ja zare mai tsawo har bakin rafi. To, wa zai riƙe ƙarshen ya yi tauri?

Kura ta ce, "Kawo, tsoho." Ta kama. Ta jiyo ƙamshin naman makoki, ta saki. Zare ya zube.

Gizo ya ce, "Ni ɗan gado ne, ubana ma shaƙa yake yi." Ya kama. Ya ga jan zare, ya ga mai ruwan ɗorawa, ya yanki rabi ya kai wa Ƙoƙi. Kun san halin mutumin.

Tsoho ya zauna, hawaye na ɗiga kan ƙoshiyar saƙa.

Sai ga Kunkuru. Ya ce, "Ba ni."

"Kai da ba ka da sauri?"

"Riƙo ka nema, ba gudu ba. Wata rana na kife a hanyar rafi, kowa ya wuce. Matarka ta sauke tulu ta birkito ni."

Ya ciji zaren, ya lafe ƙasa. Agbeko ya hau saƙa, ya buɗe, ya danne, ya buɗe, ya danne. Duk saƙar da ya naɗe, sai zare ya jawo Kunkuru kan tsakuwa.

"Da zafi?"

Shiru.

"Ka huta mana."

Shiru. In ya amsa, ai ya saki.

Ranar biso da hantsi, Kunkuru ya iso gaban ƙafar tsoho, cikinsa ya goge sumul. Aka ɗinke zane, aka lulluɓe Mawusi.

Shi ya sa cikin kunkuru yake a shafe. Shi ya sa kuma masaƙanmu ke kiran katakon da suke ɗora wa dutse, yana riƙe musu zare, kunkuru. Alkawari kuwa, yara, a cika shi tun mai shi na da ido.

Ƙurunƙus kan ƙoshiya. Wanda ya ce ƙarya ce, ya je ya birkito kunkuru ya duba.