Ranar da Zuze Ya Riƙe wa Onarabul Lasifika

A ƙauyenmu na Kanyimbi, can cikin kwarin Shire a kudancin Malawi, an yi wani mutum mai suna Zuze Alufandika. Ba mugu ba ne, kuma ba rago ba ne, don gonarsa ta masara tana cikin waɗanda ake nunawa. Ciwonsa biyu ne. Yana son a gan shi kusa da manya, kuma yana tsoron a yi masa dariya fiye da yadda yake tsoron maciji. Idan babban mutum ya dafa masa kafaɗa, sai ya yi mako yana ba da labari. Idan kuwa aka tsokane shi a kasuwa, ranar matarsa Esnati ta san ba za a taɓa tuwon da ta tuƙa ba.

Zuze ne mai gargaɗin ambaliya na ƙauyen. Kogin Nyamizi da ya ratsa mu yashi ne zalla yawancin shekara, amma ruwansa daga duwatsu yake saukowa, kuma yana iya zuwa alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Saboda haka aka kafa turken ƙarfe a can sama, aka shafa masa fenti kore da rawaya da ja. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba, Agogo Nachisale, wato Kaka Nachisale a harshenmu, ita ke duba shi domin bukkarta tana bakin kogin. Idan ruwa ya taɓa ja, sai ta kira Zuze a waya. Daga nan yana da minti arba'in ya hau keke da lasifikarsa ya fitar da kowa daga cikin yashin.

Daminar da ta wuce ya yi haka har sau biyu, sau biyun kuma ruwan da ya iso bai kai gwiwa ba. Mutane suka samu abin yi. Thomu mahauci ne ya fi kowa, da zarar ya hango shi sai ya ajiye wuƙa, ya kira shi Bambo Ruwa, wato Baban Ruwa.

"Bambo Ruwa, yau ƙarfe nawa za mu mutu? Ka faɗa mini tun da wuri, kada in yanka akuya a banza."

Sai kasuwa ta kwashe da dariya. Zuze ya yi yaƙe ya wuce, amma abin yana cin sa a rai.

Ana nan cikin watan Fabrairu aka ce ɗan majalisarmu, Onarabul Chimwaza, zai zo ya aza harsashin gada a mashigin kogin. Karo na uku ke nan da ake aza harsashin wannan gada, domin duk shekarar zaɓe sai an aza shi. Aka kafa rumfa a tsakiyar yashi, daidai inda aka ce ƙafar gadar za ta tsaya. Aka jero 'yan makaranta a rana. Matan jam'iyya suka ɗaura zannuwa masu hoton fuskar Onarabul, suka yi da'ira suna rawa, Esnati ce ke ba da waƙa suna amsawa. Da aka zo tayar da injin magana sai ya ƙi tashi. Bizaliele, yaron Onarabul mai ɗaukar masa jaka, ya aika a kira Zuze da lasifikarsa.

"Kai za ka riƙe wa Bwana ita a baki," in ji shi, yana nufin maigidansa Onarabul. "Ka gyara rigarka, da kai za a ɗauki hoto."

Zuze ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Yana cikin gyara kwalar rigar wayarsa ta yi ƙara. Ya koma bayan rumfa ya ɗauka.

"Zuze, ja ne." Muryar Agogo ce. "Kai, ya ma wuce jan, ban ga turken ba gaba ɗaya. Yanzu ruwan ya wuce da saniya da rufin wani gida. Ka fitar da su, ɗana."

Zuze ya mayar da wayar aljihu. Ya ɗaga kai, ya ga sama wasai, rana tana dukan yashi. Ya je ya rusuna kusa da Bizaliele ya faɗa masa a kunne. Bizaliele ya dube shi sama da ƙasa.

"Ba kai ne ka kori mutane sau biyu a kan ruwan wanke ƙafa ba? Yau kuma taron Bwana kake so ka watsa, a gaban 'yan jarida? Minti goma zai yi ya gama. Bayan nan ka yi ihunka har ka gaji."

A wurinmu ba a katse babba idan ya miƙe zai yi magana. Ko gaisuwa za ka yi sai ka durƙusa ka tafa hannu a hankali, ka jira a dube ka. Zuze ya tashi cikin wannan tarbiyya, kuma a ranar ta yi masa daɗin fakewa. Ya ce a ransa minti goma a cikin arba'in ba wani abu ba ne. Ya je ya durƙusa da gwiwa ɗaya gaban Onarabul, ya ɗaga lasifika da hannu biyu ya kai ta bakinsa.

Onarabul ya fara da gaishe da hakimai ɗaya bayan ɗaya. Ya zagi 'yan adawa, mata suka yi guɗa. Ya ba da tarihin mahaifinsa. Wayar Zuze ta yi ta girgiza a aljihu tana taɓa cinyarsa, ta tsaya, ta sake, ta kuma sake. Zufa ta jiƙe masa riga. Daga inda ya durƙusa yana hango Esnati tana gyara ɗaurin zane, da tagwayen Thomu, 'yan mata biyu masu shekara bakwai, a sahun gaba na 'yan makaranta. Lasifikar tana hannunsa, juyo ta kawai zai yi zuwa bakinsa. Bai juyo ba.

An haura rabin awa sai Bizaliele, wanda tun ɗazu yake satar kallon wajen duwatsu, ya matso ya raɗa wa ubangidansa magana. Onarabul ya yanke jawabi a tsakiyar zance. Ya ɗebi siminti cokali ɗaya ya watsa a rami, aka ɗauki hoto, ya ce, "Iyayena mata, ku ci gaba da rawa, kada ku tsaya." Ya shige mota. Motar ta haye gaɓa da gudun da ba a saba gani ba wurin masu neman ƙuri'a.

Nan Zuze ya gane cewa sun yarda da maganar, kansu kawai suka cece. Ya miƙe, ƙafafunsa sun yi tsami, ya kai lasifika baki.

"Ruwa na zuwa. Ku fita daga kogi. Jama'a, ruwa na zuwa."

Ganguna sun rufe rabin muryarsa. Waɗanda suka ji kuma suka fashe da dariya. Thomu ya ɗaga murya daga rumfar tsirensa a bakin gaɓa, ya ce, "Bwana ya tafi bai ba shi ko lemo ba, shi ne zai huce a kanmu."

Sai wata iska mai sanyi ta buso daga sama, da warin laka da ɗanyen itace. Aka ji ƙara kamar manyan motocin rake sun jero a guje. Makaɗa suka tsaya. Ruwan ya karyo kwanar kogin baƙi ƙirin, ya fi tsayin mutum, yana turo gungumomi da duwatsu da kwanon rufi a gabansa.

Abin da ya biyo baya bai kai minti uku ba. Rumfar ce ta fara tafiya, ƙarafunta suka soki waɗanda ke ƙarƙashinta. Mutane suka ruga gaɓa suna tattake juna, manya suna bi ta kan yara. Wani fallen kwano ya zo a kwance ya yanke wani makaɗi a ciki. Zuze ya hangi Esnati ta saɓa yaro ɗaya, tana jan wani da hannu, zanen jam'iyya ya harɗe mata ƙafafu. Ta juyo ta gan shi, ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Felesiya," sai wani gungume ya doke ta a kai. Ya ga jini ya tashi, ruwa ya rufe wurin. Shi ma ruwan ya ɗauke shi ya maka shi da saiwar wani ɓaure, haƙarƙarinsa biyu suka karye. Ya rungume saiwar yana jin jikkunan mutane suna bugun bayansa suna wucewa.

Mutum talatin da ɗaya aka rasa, goma sha tara yara ne. An tono wasu daga laka a gonakin rake, nesa da ƙauye. An gane Esnati da ɗan kunnenta. Tagwayen Thomu an same su tare a ƙarƙashin wani reshe, kowace ta riƙe rigar 'yar'uwarta.

A rana ta biyu 'yan siyasa suka dawo. Onarabul ya zo da buhunan garin masara da masu ɗaukar hoto, 'yan adawa suka zo da bokitai da barguna. A harabar makarantar da aka tara marasa gida, matasan ɓangarorin biyu suka kaure da faɗa kan wanda zai fara rabo. Aka zaro adduna, aka fasa kawuna, gari ya zube a ƙasa ana tattaka shi, masu makoki suna kallo. 'Yan adawa suka ce Onarabul ne ya tara mutane a kogi. Shi kuma ya shiga rediyo ya ce da gargaɗi ya zo daga duwatsu da ba a rasa ko kaza ba, kuma zai sa a binciki wadda aka ba amanar duba turke. Kafin su tafi, Bizaliele ya ja Zuze gefe ya matse masa hannu.

"Ba wanda ya kira ka, kuma ba abin da ka faɗa mini. Idan ka buɗe baki, kai za su fara ƙonawa, ba ni ba. Ka ji ko?"

Washegari da safe, bayan an rufe kabari na ƙarshe, Thomu ya tare Zuze a gaban kowa. Idanunsa sun yi jajur, babu sauran wasa a muryarsa.

"Zuze, tsohuwar nan ta kira ka a kan lokaci ko ba ta kira ba?"

Zuze ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya dubi 'yarsa Felesiya da ke zaune a kan kabarin uwarta. Ya sunkuyar da kai.

"Ba ta kira ba. Ni ne na ji ƙarar ruwa da kaina."

Maza suka ɗauki ƙotocin fartanya da adduna da galan na fetur, suka kama hanyar duwatsu. Zuze ya bi su a baya yana dafe da haƙarƙari, yana gaya wa kansa cewa tsorata ta kawai za su yi. Da ya iso, bukkar tana ci da wuta. Sun jawo Agogo Nachisale tsakar gida, kallabinta ya faɗi, furfurarta ta cika da ƙasa. Wani ya doke ta a baya, wani ya taka mata hannu har aka ji ƙashi ya karye. Tana kare kanta tana cewa, "'Ya'yana, na kira. Ku tambayi Zuze." Thomu ya ɗaga ƙota ya sauke mata a ƙirji.

Sai a lokacin bakin Zuze ya buɗe.

"Ku bar ta. Ta kira ni, sau huɗu ta kira. Na ɗauka tun kafin Onarabul ya fara magana. Na sani, na yi shiru."

Thomu ya dubi ƙotar da ke hannunsa, ya dubi tsohuwar, ya yi wani kuka mai kama da na dabbar da ake yankawa. Sannan suka yi kan Zuze. Suka karya masa ƙafa, suka fasa masa ido ɗaya, suka bar shi cikin jini suna zaton ya mutu. Kowa ya sauko daga dutsen shi kaɗai, ba mai iya kallon ɗan'uwansa.

Zuze ya ja jiki har inda Agogo take kwance. Numfashinta yana fita da ƙyar, jini na biyo gefen bakinta. Ta buɗe ido ta gane shi.

"Ashe ka ji ni," ta ce. "Kwana uku ban ci abinci ba. Ina ta cewa muryata ce ta tsufa, da na ɗaga ta sosai da yaran nan suna raye."

Ya buɗe baki zai nemi gafara, ta juyar da fuskarta wajen kogi. Maƙwabta suka ɗora ta a keke za su kai ta asibiti, ta cika kafin su kai titi. Zuze ya rayu. Felesiya ta koma wurin dangin uwarta, ba ta sake taka gidansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar faɗakar da jama'a ba shi da ikon ajiye gargaɗi ko na minti ɗaya, don kunyar babba ko don tsoron dariya. Gara a yi maka dariya sau goma a kan ruwan da bai zo ba, da ka yi shiru sau ɗaya ranar da ya zo. Su ma masu jin gargaɗi su daina mayar da shi abin wasa, domin tsokanarsu tana kashe zuciyar mai tsaron ransu. Kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa tun da wuri, domin ƙaryar da zai yi don ya tsira tana iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.