Ɗakin Kura a Bakin Teku

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, muna saurare.

Kura ce ta koma wani gari a bakin teku. Tsakanin garin da ruwa akwai itatuwa masu tsirowa cikin taɓo, saiwoyinsu a sarƙe. Ita kuwa Kura, itacen ƙyafe kifi kawai take gani.

Tana cikin wasa gatari, sai Ƙaguwa ta ce, "Yaya Kura, saiwoyin nan su ke karya ƙarfin igiyar ruwa."

Kura ta ce, "Ke mai tafiya a karkace, ke za ki nuna mini hanya?"

Magana ta kai gaban Sarki Kada. Ya ce, "Ban hana sara ba. Amma daga yau, duk wanda ya sare itace, a gurbinsa zai gina ɗakinsa."

Kura ta yi tsalle don murna, ga itace ga fili kyauta! Ta sare, ta gina.

Ran nan da hantsi tana cin kifi, teku ta tumbatsa. Ko'ina saiwoyi suka tare ruwa, sai ta kafar da Kura ta buɗe ya kwararo. Ya kwashe ɗaki da kifi, ya maƙala Kura a reshen itacen maƙwabta.

Tana rawar sanyi ta ce, "Ƙaguwa ƙanwata, yaya ake dasa abin nan?"

Ƙaguwa ta ce, "Sauko tukuna, Yaya."

Kura ta cike gurbin da dashe, Sarki ya naɗa ta mai gadin itatuwa. Har yau ko ganye ka tsinka, sai ta fafare ka har gida.

Ƙurunƙus, tawa ta tsaya a kan ɗan ɓera!