Kwanoni Bakwai a Ƙarƙashin Gadon Aro

A wani gari an yi wani mutum mai filaye da yawa, mai tausayi kuma. Da ya ga yadda tsadar haya take korar talakawa daga wannan lungu zuwa wancan, sai ya gina ƙananan gidaje a bayan gari, ya ce zai ba da su haya da rahusa. Masu so sun fi gidajen yawa, saboda haka aka jera sunaye a takarda, aka manna ta a allo a ƙofar ofishinsa. Dokarsa guda ce: wanda ya fi matsuwa shi ne a gaba. Yakan kuma aiki wakilinsa gida gida ya gano yadda kowa yake zaune.

Cikin waɗanda suka ba da suna akwai wata gwauruwa mai sayar da daddawa, ana ce da ita Afiniki. Mijinta ya rasu ya bar mata mahaifinsa, tsoho wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ita kuwa ta riƙe shi kamar uban da ya haife ta. Ɗakinsu guda ne. In hadari ya haɗu, sai ta jera kwanoni bakwai a ƙasa, kowanne ya san wurinsa. Bangon gabas ya tsage har hannu yana shiga, ta cusa masa tsummoki. A gindin bangon nan tsohon yake kwana, gama nan ne kaɗai ruwa ba ya ɗiga. Afiniki ta sani sarai, in ruwan Agusta ya same su a ɗakin nan, bangon zai faɗo a kansa.

Da fari sunanta shi ne na tara.

Ana nan sai aka aiko mata cewa gobe wakili zai zo. To, kun dai san halinmu da baƙo. Afiniki ta ce a ranta, "Babban mutum zai shigo, ya tarar da surukina a kan buhu? Allah ya kiyaye!" Ta ruga wurin maƙwabciyarta ta aro gado da katifa. Ta aro labule mai furanni ta rufe tsagar bango. Ta tura kwanonin nan bakwai ƙarƙashin gadon, ta sa wa tsohon rigarsa ta Kirsimeti. Kazarta guda ɗaya tak, ita ma ta sha wuƙa.

Wakili ya zo, ya zauna, ya ce, "Yaya gida?"

Ta ce, "Lafiya lau."

"Yaya damina? Ba ta dame ku ba?"

Ta ce, "Sai godiya."

Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, ta miƙa masa cinyar kaza. Wakili ya ci, ya wanke hannu, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya tafi.

Da wata ya kama, Afiniki ta sauke tallarta a ƙofar ofis, ta bi takardar da yatsa. Ba ta ga sunanta a na tara ba, ba ta gan shi a na goma ba. Can ta same shi a na goma sha shida. Ta ce, "Wataƙila ban karɓi wakilin da kyau ba." Don haka da wakili ya sake zuwa, har kujerun roba ta aro, da rediyo. Wata na gaba sunanta ya koma na talatin da ɗaya, gidaje uku kacal kuwa suka rage.

Ranar nan ta tsaya a gaban allon, yatsarta a kan sunanta, hawaye na zuba ba ta ma sani ba. Baƙin ciki ya cika ta, da tsoro. Ashe mai gidajen yana zaune a inuwa yana kallonta, gama ya daɗe yana lura da matar nan mai zuwa kowane wata. Ya sa aka kawo masa takardarta, ya karanta, sa'an nan ya kira ta.

Ya ce, "'Yata, nan an rubuta kina da gado da katifa da kujeru, ɗakinki kuma ba ya yoyo. Me ya sa ba ki fashin zuwa?"

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tashi mu je in gani."

Gabanta ya faɗi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, bari in riga ka, in ɗan yi shara."

Ya ce, "A'a. Ƙafata ƙafarki."

Suna cikin tafiya hadari ya taso daga gabas, kafin su kai ruwa ya tsinke. A bakin ƙofa Afiniki ta tsaya ta tare hanya. Kunya ta kama ta kamar ta nutse cikin ƙasa. Mutumin bai ture ta ba, bai kuma yi mata tsawa ba, ya tsaya kawai cikin ruwan yana jira. Daga ciki ta jiyo tarin surukinta. Sai ta matsa gefe, ta ce, "Shigo, ranka ya daɗe. Ga yadda muke."

Ya shiga. Babu gado, babu labule. Ruwa yana zuba ta wuri bakwai, tsohon kuwa yana jan jiki a ƙasa, yana ƙoƙarin tura kwano ƙarƙashin yoyo. Mai gidajen ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya, ya karɓi kwanon ya ajiye shi daidai. Ya zura hannu cikin tsagar bango.

Can ya ce, "Ina gadon?"

Ta ce, "Na maƙwabciya ne."

"Kazar da wakilina ya ci fa?"

Tsohon ya amsa, "Ita ke nan gare mu, ranka ya daɗe. Ni ma cinya ɗaya na samu, ita ma don in yi shiru."

Mutumin ya yi dariya, amma idanunsa sun cika da ƙwalla. Ya ce, "'Yata, ba don masu gado na gina gidajen nan ba. Da tun ranar farko kin nuna kwanonin nan, da yanzu kin yi wata biyu a ɗakinki. Ɗaure kayanku. Baba ba zai ƙara kwana a gindin bangon nan ba."

Da ruwa ya ɗauke, aka kawo amalanke aka ɗora tsohon. Afiniki ta zo za ta bar kwanonin, tsohon ya ce, "Kwaso su, 'yata. Sun yi mana aikin rufi shekara uku, bari yanzu su ɗanɗana miya."

Ga fassarar misalin nan, ya ku 'yan'uwa. Mai gidajen shi ne Ubangiji. Afiniki kuwa, kada kowa ya waiga ya dubi na kusa da shi, ni ne, kai ne, ke ce. Sau nawa muke durƙusawa da addu'ar aro, kalmomi masu daɗi da muka ji a bakin dattawan ikkilisiya, alhali fushi da tsoro da zunubin da ya fi ƙarfinmu suna ƙarƙashin gado? Sa'an nan mu riƙa dubawa kullum, muna cewa Allah ya manta da sunanmu.

Ku lura, wakilin nan bai cuce ta ba, abin da ta nuna masa ya rubuta. Ubangiji kuwa ba ya bukatar wakili, ya san yawan kwanoninmu tun kafin mu ɓoye su. Duk da haka ba ya fasa ƙofa. Yakan tsaya yana jira mu matsa da kanmu, gama ba zai gyara abin da muka nace lafiya lau yake ba. Haka kuma in ɗan'uwa ya tambaye ka da zuciya ɗaya, "Yaya gida?", mai yiwuwa Ubangiji ne ya aiko shi, kada ka sallame shi da cinyar kaza.

Rufin asiri abu ne mai kyau a gaban mutanen kasuwa, amma ba a gaban Uba ba. Yesu bai zo domin masu gado ba. Yau in ka koma gida, janye labulen, fito da kwanonin ka jera su a gabansa, ka ce masa abin da matar nan ta faɗa a bakin ƙofa: "Shigo, ya Ubangiji. Ga yadda muke."