Watandar Sallau Mahauci

Dalilin da ya sa kuke jin yayyenku, in suna hirar samari da 'yan mata, suna cewa wane "ɗan watanda" ne, wance "'yar watanda" ce, tsohon zance ne, kuma ba na nama ba. Ɗan watanda shi ne wanda in ya tashi son mutum, abu ɗaya tak yake gani a jikinsa. Wani ɗan wushirya ne, in babu 'yar tsagar nan tsakanin haƙoran gaba, ko gaisuwa ba ya amsawa. Wata 'yar gemu ce, ko bunsuru ne ya gifta sai ta waiga. Su a zatonsu a waya suka ƙirƙiro kalmar. Ku ƙyale su, kalmar ta girmi kakanninsu.

A da ba haka ake so ba. In ka ce kana son mutum, to dukansa ka ɗauka, da kyan da munin, da tarinsa da minsharinsa.

A wancan zamani akwai wani mahauci a garin Gangaren Ɗinya, sunansa Sallau. Gwani ne. In saniya ta wuce gabansa ba saniya yake gani ba, sai ya ga ga tozo, ga cinya, ga hanta. Haka kuma yake kallon mutane, gunduwa-gunduwa. Abin da ya fi so a jikin mace kuwa wushirya.

Shekara biyu yana neman wata mai fura, Tabawa. Kullum rana ta yi tsaka za ta kawo masa fura rumfarsa, ta dama masa da hannunta. An riga an kai gaisuwar iyaye, saura a sa rana, shi kuwa sai jan ƙafa yake.

"Malam Sallau," in ji Tabawa, "Baba ya ce in tambaye ka, ranar tamu damina take jira ko tsufa?"

"Ana nan ana shiri," in ji shi, idonsa a kan bakinta. Haƙoranta reras, ko allura ba za ta shiga ba. Abin da ke riƙe da shi ke nan.

Wata ranar kasuwa, da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, wata baƙuwa ta tsaya a gaban teburinsa. Ƙudajen da ke kan nama duk suka tashi lokaci ɗaya, ba su dawo ba. Karen da ke kwana a gindin teburin ya miƙe, ya sa wutsiya a tsakanin ƙafafu, ya bar wurin. Sallau bai ga wannan ba, don baƙuwar ta yi murmushi, ga wushirya kamar an auna da tsinke.

Ba ta sayi komai ba, ta juya. Sallau ya ajiye wuƙa ya bi ta.

Suka wuce masu tukwane, suka wuce bayan gari, har wata tsohuwar tsamiya da ya sani tun yana yaro. Yau sai ga gida a gindinta. A zaure wata tsohuwa na zaune tana kaɗi, ba auduga a hannunta, amma zare na fita. Baƙuwar ta shige ciki.

"Ɗan nan, me ka biyo?" in ji tsohuwa.

"'Yarki, Iya. Na gani ina so."

"Me ka gani?"

"Wushirya."

"Sai me? Tana da hali, tana da dangi, tana da abin da take ci wanda ba kowa ke iya kallo ba. Ba ka tambaya?"

Sallau ya yi dariya irin ta rumfa. "Iya, ni mahauci ne. Mai saye wurin da yake so yake nunawa. A ba ni wushirya, sauran a bar wa mai so."

Tsohuwa ta daina kaɗi. "Tunda sana'arka ce, ka san ƙa'ida. In mutum ya nuna, ka yanka, yana dawo maka da shi?"

"Ba a dawowa da shi."

"To madalla."

Ta shiga ciki. Ya ji ƙarar wuƙa a kan dutse, sau uku. Ta fito da akushi a rufe da faifai, ta ce ya buɗe a gida.

A gida ya ɗaga faifai. Babu komai, yara, domin ita wushirya ai wurin da babu haƙori ce. Sai wata iska mai sanyi da ta fito siririya, tana fito kamar mai hura wuta, ta shige masa ido.

Da ya koma kasuwa, kasuwa na ci, hayaniya ko'ina, amma ba mutane. Ga riguna na tafiya ba kowa ciki, ga tuluna na yawo a sama, ga takalma na taka ƙasa. Nan da can kawai yake hango haƙora biyu da tsaga a tsakani suna shawagi, ba leɓe, ba fuska. Har Sarkin Fawa, ashe tsohon yana da 'yar wushirya a ƙarƙashin gashin baki, ita kaɗai ta zo ta yi masa faɗan barin nama a rana.

Washegari da rana sai ga ƙwaryar fura ta taho ita kaɗai a kan iska, ta sauka a gabansa.

"Ga furarka," in ji muryar Tabawa. "Yau kuma ina kake kallo? Ina nan gabanka."

Ya miƙa hannu, ya kama iska.

Kwana uku ya yi a haka, ya koma tsamiya da akushinsa, da tsakar rana. Gidan na nan, tsohuwa na kaɗi.

"Iya, karɓi kayanki. Tabawa nake son gani."

"Kai ka faɗi ƙa'ida da bakinka. Abin da aka yanka ba ya komawa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Sai dai a yi watanda. In saniya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ya kuke yi?"

"A kasa ta, kowa ya ɗauki kasonsa."

"To kasa wannan. Gari ya taya ka ɗauka."

Da mutumin kirki ne, da ya tsaya ya yi tunanin 'ya'yan mutane. Sallau wuƙa ya zaro. Ya shimfiɗa ganye, ya juye akushi, ya zuba abin da ba a gani, ya shiga kasawa. Kuma abin yana da nauyi, don ganyen lotsawa yake. Duk kason da ya ajiye, tsohuwa ta raɗa masa suna: wannan na gemu, wannan na tsawo, wannan na murya, wannan na fari, wannan na dogon wuya. Ta hura, suka bi iska suka yi cikin gari, kowanne yana neman idon da zai shiga.

Saura kaso ɗaya a kan ganye.

"Wannan na mai fiɗa ne," in ji tsohuwa. "Ba a hana mahauci kasonsa. Mutanen gari za ka gan su. Ita kuwa Tabawa, faɗa min kamanninta. Duk abin da ka faɗa zan mayar maka."

Sallau ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya buɗe baki.

"Ba ta da wushirya."

"Abin da take da shi na tambaye ka. Idonta fa?"

Tsohuwa ta ci gaba da jero masa:

"Hancinta? Tana da zane a kumatu? Doguwa ce ko gajera?"

Shekara biyu, yara, kullum tana gabansa. Ya lalubi kansa, abu ɗaya ya samo. "Hannayenta. Tana da tabon ƙuna a babban yatsan dama. In tana dama fura, ƙaramin yatsanta a ɗage yake."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Iya."

"To ka samu."

Ya ɗaga kai, ba gida, ba tsohuwa, sai tsamiya.

Ya dawo kasuwa, ga mutane cif, har Sarkin Fawa da tumbinsa. Sai ga ƙwaryar fura ta taho, hannaye biyu riƙe da ita, sun ƙare a wuyan hannu, daga nan sai iska. Sallau ya ce mata ya shirya, gobe ma a sa rana.

"Me ya same ka kwanan nan?" in ji Tabawa.

Ya gaya mata duka, bai rage ba. Hannayen suka daina damu.

"Watau aka ce ka faɗi kamannina, hannun da ke ba ka fura kawai ka tuna?"

"Tabawa, ai hannun naki ne."

"Nawa ne. Yanzu dariya nake ko kuka?"

Ya ƙura ido inda fuska ya kamata ta kasance. Bai sani ba.

Hannayen suka ajiye ludayi a hankali, suka ɗauki ƙwarya, suka tafi. Da kaka aka ɗaura mata aure da wani maƙeri mai ido ɗaya, wanda da idon nan ɗaya yake ganinta dukanta. Ranar da aka wuce da amarya ta gaban rumfar mahauta, kowa na yaba kyanta. Sallau ya leƙa, ya ga mayafi na tafiya, da hannaye biyu da lalle. Ko ɗaga masa ɗaya ba a yi ba.

Sauran kason kuwa ba su ƙare ba, don abin da ba a gani ba ya ruɓewa. Shi ya sa har yau in saurayi ya dage sai fara, ko budurwa ta ce ita in ba dogo ba a bar ta, abokai suke cewa, "Rabu da shi, ɗan watanda ne, kasonsa ya ɗauka." Kuma in kun girma, wani ya ce yana son ku, ku sa ya rufe ido ya faɗi kamanninku. In ya tsaya a abu ɗaya, ku duba ƙudajen wurin ko suna nan.